Taskar Tarihi: Yadda Zanen Zamanin Fir'auna Ya Shiga Cocin Ƙibɗawa

A wannan makon mun ajiye darasin da muka shirya saboda wata wasiƙa da wata ɗaliba 'yar aji biyar na sakandare ta aiko mana. Ta ce musu ne ya kaure tsakanin 'yan ajinsu a hanyar komawa gida, bayan wani ya nuna musu hotuna biyu da aka jera a waya. Na farko gunkin wata mace ce ta zamanin Fir'auna, tana zaune da jariri a cinya tana shayar da shi. Na biyu zane ne na coci, wanda Kiristoci ke cewa Nana Maryam ce riƙe da Annabi Isa (AS). A ƙasan hotunan an rubuta wai na biyun kwafin na farkon ne. Ta ce maganar ta yi zafi har wasu ƙawaye biyu, ɗaya Musulma ɗaya Kirista, suka kwana uku ba sa gaisawa. Tambayarta ita ce: shin gaskiya ne an kwafa?

Kafin mu amsa, mu fahimci juna. Tarihin zane da sassaƙa za mu tattauna, wato aikin hannun mutane, ba aƙidar kowa ba. Musulunci bai yarda a zana annabawa ba, shi ya sa ba za ku ga waɗannan hotuna a shafin nan ba. Su ma Kiristoci sun daɗe suna saɓani a tsakaninsu kan halascin zane a wurin ibada, kamar yadda za mu gani a gaba. Amsarmu a taƙaice ita ce: lallai akwai abubuwan da suka tsallako daga tsohuwar Masar zuwa zanen coci, amma wanda ya jera hotunan nan ya zaɓi misalin da masana suka fi jayayya a kansa, ya bar waɗanda suka fi ƙarfi.

Mu fara da mutanen. Duk wanda ya zauna gaban malami a karatun sira ya ji sunan Mariyatul Ƙibɗiyya. Kalmar Ƙibɗawa ta samo asali ne daga sunan da Girkawa ke kiran ƙasar Masar da shi, don haka ma'anarta ta farko ita ce Misirawa kawai. Daga baya ne ta taƙaita ga Kiristocin ƙasar. Waɗannan mutane jikokin masu noma a bakin Kogin Nilu ne tun zamanin Fir'aunoni. Addinin Kirista ya yaɗu a cikinsu lokacin da Rumawa ke mulkin ƙasar, kuma lokacin da Amru ɗan Asi (RA) ya shiga Masar tsakanin shekarar 639 da 642 Miladiyya, su ne mafi yawan jama'a. Harshensu shi ne harshen Fir'aunoni a matakinsa na ƙarshe. Da suka tashi rubuta shi sai suka ari baƙaƙen Girkanci guda 24, suka tarar akwai sautukan da babu su a ciki, sai suka ƙaro shida ko bakwai daga tsohon rubutun kakanninsu. Ku tuna yadda bokon Hausa ya ƙara ɓ da ɗ da ƙ a kan baƙaƙen Turawa, to kusan haka ne. Abin da ya faru da rubutu shi ya faru da zane. Mutum yana iya sauya addini a rana ɗaya, amma magini da masaƙi da mai sassaƙa da abin da suka koya a gidan ubansu za su ci gaba da aiki.

Misali mafi ƙarfi shi ne wata alama da ake kira ankh. Ku zana baƙin T, ku ɗora masa zobe a kai kamar marikin makulli, kun samu ankh. A tsohon rubutun Masar ma'anarta rai, kuma a bangon haikalai za ku ga allolinsu suna miƙa ta kusa da hancin sarki, alamar suna ba shi numfashi. A wajen shekarar 391 aka rushe babban haikalin gunkin Serafis da ke Iskandariyya, a zamanin Bishop Tiyofilus. Marubuta tarihin coci na wancan lokaci, irin su Rufinus da Sokratis na Kustantiniyya, sun ruwaito cewa an ga wannan alama a jikin duwatsun haikalin, kuma nan take musu ya tashi. Kiristoci suka ce ai gicciye ne, masu tsohon addini suka ce alamarsu ce tun kaka da kakanni. Sai wasu da suka san tsohon rubutu kuma suka riga suka koma Kirista suka fassara ta da rayuwar da ke tafe. Kun ga ke nan musun ajinku ya girme ku da shekara fiye da 1,600.

Bayan haka ankh ta bazu a kan duwatsun kaburburan Ƙibɗawa da yadudduka da littattafai. Akwai wani ƙaramin littafi na fata da ake kira Kundin Glazier, wanda aka rubuta da Ƙibɗanci a wajen ƙarni na 5, yanzu yana wani ɗakin karatu a birnin New York. A shafinsa na ƙarshe an zana wannan gicciye mai zobe, an cika shi da ado mai kama da kitso, da ɗawisu a gefensa. Idan kuka lura, zoben tsohuwar ankh ya fi kama da ɗigon hawaye, na Kiristoci kuwa yakan zama da'ira sosai. Abin da ya sa muka kira wannan misali mai ƙarfi shi ne komai ya haɗu: ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, ga kuma shaidar mutanen lokacin da suka rubuta cewa sun san abin da suke ara.

Wani misalin da ke ba mu dariya duk lokacin da muka tuna shi ne na Shenuda, shugaban wasu ruhubanawa, wato masu ƙaurace wa duniya don ibada, a kusa da garin Sohag na yanzu. Da wuya a samu wanda ya tsani tsohon addinin Masar kamarsa. Ya yi wa'azi mai zafi a kan gumaka, ya kushe tsohon rubutun nan mai hotunan macizai da tsuntsaye, ya shiga gidajen mutane yana farfasa abin bautarsu. Amma ku je ku ga cocin da aka gina masa a tsakiyar ƙarni na 5, wanda ake kira Farin Gidan Ruhubanawa saboda farin dutsensa. Daga nesa sai ku rantse haikalin Fir'auna ne. Bangon ya yi faɗi a ƙasa yana tsukewa a sama, an yi masa baki mai lanƙwasa waje a can ƙololuwa, daidai yadda ake gama bangon haikali. Wasu duwatsun ma daga tsofaffin gine-gine aka ɗebo su, da rubutun Fir'auna a jikinsu. Ciki kuwa tsarin ginin Rumawa ne. A ganinmu Shenuda bai zauna ya ce a kwaikwayi haikali ba. Maginan yankin ne idan aka ce musu a yi gini mai kwarjini, hoton da ke cikin kansu ke nan.

A can kudu kusa da Aswan akwai tsibirin Filae, inda tsohon addini ya fi daɗewa. A nan ne aka sassaƙa rubutun hoto na ƙarshe da aka san ranarsa, a shekarar 394. Sarkin Rum Jastiniyan ya sa an rufe haikalin a wajen shekarar 537, aka mayar da wani sashensa coci. Har yau mai ziyara zai ga gicciye da aka sassaƙa a jikin ginshiƙai, kusa da siffofin alloli da aka kankare musu fuska. Wannan ba aro ba ne, shelar nasara ce: na da ya tafi, ga na yanzu. Haikalin Luksor ma haka ya sha sauyi, an yi coci-coci a harabarsa, kuma a yau masallacin Abul Hajjaj yana zaune a kan wani ɓangarensa ana salla a ciki.

Yanzu mu zo kan fuska. A shekarar 1888 wani Bature mai haƙar kayan tarihi, Flinders Petrie, ya tono gawarwaki a Hawara da ke yankin Fayyum. An busar da su an naɗe da ƙyalle irin na al'adar Masar, amma a daidai fuska an saka allon katako mai ɗauke da zanen mamacin kamar yana raye. Zuwa yau an san irin waɗannan alluna kusan dubu, daga ƙarni na 1 zuwa na 3. Da yawansu da kakin zuma aka yi su. Mai zane zai narkar da kakin, ya gauraya shi da garin launi, ya shafa da hanzari tun bai daskare ba, sannan ya gyara da ɗan ƙarfe mai ɗumi. Shi ya sa launin bai koɗe ba har yanzu, fatar tana sheƙi kamar an shafa mai. Mutanen cikin allunan suna fuskantar mai kallo kai tsaye, da manyan idanu masu bin mutum duk inda ya tsaya.

To a gindin dutsen da ake cewa shi ne Ɗuri Sina akwai gidan ruhubanawa na Santa Katarina, wanda aka gina a zamanin Jastiniyan, tsakanin 548 da 565. A can ake ajiye da wasu daga cikin tsofaffin allunan ibada na Kirista a duniya, na ƙarni na 6, kuma da kakin zuma aka yi su, da irin wannan kallo na ido cikin ido. Duk wanda ya jera su da na Fayyum zai ce 'yan gida ɗaya ne. Amma a nan sai a taka a hankali. Naɗe gawa al'adar Masar ce, salon zanen fuskar kuwa na Girkawa da Rumawa ne, kuma ana yin sa a duk faɗin daular. Na sauran ƙasashe ruwa da gara sun cinye, na Masar busasshen yashi ya adana. Ƙari a kan haka, masana da dama na ganin mafi shahara cikin allunan Sina a Kustantiniyya aka zana shi aka kawo. Ke nan dangantaka akwai, sai dai ta 'yan'uwan da suka haɗa kaka ce, ba lallai ta uba da ɗa ba.

Ga wani abin lura a gefe. Daga wajen 726 zuwa 843, sarakunan Rum ta Gabas sun yi ta kai-komo kan haramta hotuna a coci, aka ƙona da yawa aka shafe wasu. Allunan Sina sun tsira, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne a lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Musulmi, umarnin Kustantiniyya ba ya isa can.

A gidan tarihi na Louvre da ke birnin Faris na Faransa akwai wani guntun dutse na ƙarni na 4. An sassaƙa Horus, allan Misirawa mai kan shaho, a kan doki, yana soke kada da mashi. Wanda ya taɓa ganin hoton Waliyyi Jirjis, wanda Turawa ke kira George, a kan doki yana soke dodo zai ce shi ke nan an kama ɓarawo. Ƙibɗawa kuwa suna son zanen waliyyai mahaya ƙwarai, an same su da yawa a bangon gidan ruhubanawa na Bawit. Sai dai ku dubi rigar Horus ɗin: kakin sojan dawakin Rumawa ne. A tsohon zanen Fir'auna Horus ba a kan doki yake farautar maƙiyinsa ba, a tsaye yake, sau da yawa a cikin kwalekwale. Shi ma ashe aro ya yi.

Mu dawo kan hotunan da suka raba ƙawaye. Macen da ke gunkin sunanta Isis, kuma ba ruwanta da ƙungiyar nan da kuke ji a labarai. Ba ruwan sunanta da sunan Annabi Isa ma, domin Girkawa ne suka lanƙwasa shi haka, a bakin Misirawa ya fi kusa da Aset. Jaririn shi ne Horus. An ƙera ƙananan gumakanta tana shayarwa ba adadi, na tagulla da na yumɓu. A ɗaya ɓangaren kuma gaskiya ne cewa da yawa daga cikin tsofaffin zanen Maryam tana shayarwa a Masar aka same su, a bangon gidajen ruhubanawa kamar na Irmiya a Saƙƙara da Jan Gidan Ruhubanawa na kusa da Sohag. Wannan shi ne hujjar masu cewa an gada, kuma ba hujjar banza ba ce.

Amma Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne. Masu ja da maganar suna kawo abubuwa da ya kamata ɗalibi ya auna. Akwai tazarar lokaci: gumakan Isis mai shayarwa sun ja baya tun wajen ƙarni na 4, zanen Maryam mai shayarwa kuwa bai bayyana sosai ba sai ƙarni na 6 zuwa na 7. Wa ya riƙe hoton a tsakani? Sannan wurin da aka same su ɗakunan maza ne masu zuhudu, waɗanda suka fi kowa ƙin gumaka, kuma masana irin su Elizabeth Bolman, wadda ta jagoranci aikin gyaran zanen Jan Gidan, sun nuna cewa a wurinsu nonon yana nuni ne da wata ma'ana ta addininsu. Sai abu mafi sauƙi, wanda kowace uwa a gidanku za ta tabbatar muku: hanyoyin riƙe jariri a shayar da shi ba su da yawa. Mai zane a Sin ko a Meziko da bai taɓa jin sunan Masar ba, idan aka ce ya zana uwa da ɗa, abin da zai fitar ba zai yi nisa da wannan ba.

Ra'ayinmu shi ne idon Bamisire ya saba da hoton uwa mai daraja a kan kujera da ɗa a cinya shekaru dubbai, don haka ba mamaki irin wannan zane ya samu karɓuwa a can fiye da wasu wurare. Iyakar abin da shaida ta ba mu ke nan. Tsallakawa daga nan a ce Maryam ita ce Isis, ko a ce labarinta daga gunki aka samo, wannan ba tarihi ba ne, kuma Musulmi da Kirista duka ba su yarda da shi ba. Labarin Nana Maryam a littattafai yake tun ɗaruruwan shekaru kafin wani ya ɗauki launi ya shafa a bangon Saƙƙara.

Abin da ya fi ba mu mamaki a wannan fage ba a Masar yake ba, yana can ƙasar Ailan, a ƙarshen yammacin Turai. A wani wuri da ake kira Monasterboice akwai gicciyen dutse da tsayinsa ya haura mita 5, na wajen ƙarni na 10, ana kiransa Gicciyen Muiredach. A fuskarsa ta gabas an sassaƙa ranar hisabi yadda Kiristoci suka ɗauke ta. Mai hukunci yana riƙe da sanda biyu da ya gitta a ƙirji, tsayuwar da masana tarihin zane ke kira ta Osiris, domin haka ake zana Osiris, alƙalin matattu a tsohon addinin Masar. A ƙarƙashinsa Mala'ika Mika'ilu na riƙe da ma'auni, wani shaiɗani na ƙoƙarin janyo ɗaya gefen. A takardun da Misirawa ke binnewa da mamaci, kamar ta wani magatakarda mai suna Ani da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, ta wajen 1250 kafin Miladiyya, ana zana zuciyar mamaci a ma'auni ana gwada ta da gashin jimina. A nan ma kada a yi gaggawa, domin maganar awon ayyuka tana cikin littattafan addini, Girkawa ma sun zana nasu ma'aunin. Abin tambaya kawai shi ne ko tsarin hoton ya biyo wata hanya daga Masar.

Hanya kuwa akwai ta. Zaman ruhubananci a hamadar Masar ya yi ƙarfi, kuma tarihin Antoniyus, wanda ake ɗauka uban ruhubanawa, da Atanasiyus na Iskandariyya ya rubuta a wajen shekarar 360, an fassara shi zuwa Latin ya zagaye Turai. Wani mai suna Yohana Kasiyan ya zauna shekaru a hamadar Masar, sannan ya je Marsai a kudancin Faransa ya kafa gidajen ruhubanawa a wajen 415, rubuce-rubucensa suka isa har Ailan. A jikin wannan gicciye na Muiredach an sassaƙa Antoniyus da abokinsa Bulus na hamada, Misirawa biyu a ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa. Littafi dai ya yi tafiya, wannan tabbas ne. Ko zane ya bi shi, a nan masana suka rabu.

Sai a shekarar 2006 wani mai tuƙa motar haƙa a wata fadama da ke Faddan More, a yankin Tipperary na Ailan, ya hango wani abu cikin taɓo. Littafin Zabura ne na fata, na wajen shekarar 800, ya kwashe fiye da shekara dubu a binne. Da masu gyara suka bi bangon fatarsa a hankali, sai suka tarar an yi masa shafi daga ciki da takardar fafirus, wadda ake yi da wata ciyawar ruwa da Masar ta shahara da ita, kuma ba ta tsirowa a Ailan. Littafin yana gidan tarihin ƙasar a birnin Dublin, kuma har yau ana bincike kan yadda wannan takarda ta kai can.

Ɗalibarmu, muna roƙon ki kai wa ƙawayen nan biyu wannan shafi su karanta tare, kuma ki rubuto mana abin da suka ce. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu gangara kudu zuwa Sudan, mu ga cocin Faras da aka tono daga cikin yashi tsakanin 1961 da 1964, gab da ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin.